Yadda Za Ki Shirya Ganawar Neman Bizar Aure a Ofishin Jakadanci

Gabatarwa

Gaya gari ne na matafiya. Yana bakin kogin Kwara, wanda mutanen Dandi ke kira Isa. A tsallaken kogi akwai Malanbil ta ƙasar Benin, ta gabas kuma akwai Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Mutumin Gaya ya saba da ƙetare iyaka tun yana yaro, ya ci kasuwa da safe ya komo gida da yamma. Amma akwai iyakar da kwalekwale ba ya ƙetare ta, wato ta ƙasashe masu nisa irin su Amurka da Faransa. 'Ya'yan Nijar da yawa suna zaune a can, misali a biranen New York da Greensboro na Amurka, sun bar iyalinsu a gida.

Idan mijinki yana can kuma yana son ki same shi, sai kin nemi bizar aure. Mataki na ƙarshe a neman wannan biza shi ne ganawa da jami'in ofishin jakadanci. Wannan darasi zai nuna miki yadda ake shirya mata. Mun yi magana da mace domin mata ne suka fi yawa a wannan layi, amma duk abin da muka faɗa ya shafi namijin da matarsa ke can. Mun ɗauki tsarin Amurka a matsayin misali, sannan muka taɓo na Faransa daga ƙarshe.

Ki riƙe abu guda tun daga nan. Jami'in yana son ya ga bakinki, da takardunki, da abin da mijinki ya rubuta, duk sun zo ɗaya. Saboda haka shirin yana farawa ne a ma'aikatar magajin garin Gaya da kotu, tun watanni kafin ranar ganawa.

Kalmomin da za ki riƙa ji

- Fasfo: littafin tafiya da ƙasarki ke ba ki. Yana nuna ko ke wace ce.
- Biza: izinin da wata ƙasa ke mannawa a cikin fasfonki domin ki je bakin ƙofarta ki nemi shiga.
- Bizar ƙaura: bizar wanda zai je ya zauna dindindin. Bizar aure tana cikin wannan rukuni. Ta bambanta da bizar ziyara.
- Ofishin jakadanci: gidan wakilcin wata ƙasa a babban birnin wata. Sashen da ke kula da biza a cikinsa shi ne za ki je.
- Tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani.

Kafin ki kashe ko dala ɗaya, ki tambaya ko ƙofa a buɗe take

Dokokin biza sun sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan. Ga abubuwan da suka faru, da shekarunsu:

- A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil.
- A watan Janairu na 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai.
- A watan Yuli na 2025 ofishin jakadancin Amurka na Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum. Daga baya cikin shekarar aka ware ofishin Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa, domin ganawar bizar ƙaura ta mazauna Nijar.
- Ranar 16 ga Disamba 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a wata sanarwa da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Sanarwar ta dakatar da ba 'yan Nijar biza, ta kuma dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya da 'yan Benin. Ba ta keɓe matan aure ko mazan auren Amurkawa ba, sai wanda aka duba lamarinsa shi kaɗai aka yi masa sassauci na musamman.

Irin waɗannan matakai gwamnati ce ke kafa su, ita ce kuma ke sassauta su ko ta janye su. Don haka aikin farko shi ne mijinki ya duba shafin intanet na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ko ya tambayi lauyan shige da fice mai lasisi a can, ya tabbatar da halin da ake ciki a ranar. Kada ki sayar da fili, ko dabba, ko kayan ɗaki, a kan jita-jitar tasha.

Ko da ƙofa a rufe take, gyaran takardu ba asara ba ne. Takardar haihuwa da ta aure suna amfani wajen sa yara makaranta, da rabon gado, da yin katin ɗan ƙasa. Da tsayuwa gwamma tafiya, ko da a hankali ce. Haka kuma idan fayil ɗinku ya riga ya isa cibiyar biza, mijinki ya riƙa tuntuɓar ta. Idan shekara guda ta wuce ba su ji daga gare ku ba, doka ta ba su damar rufe fayil ɗin.

Matakan da takardunki ke bi

1. Mijinki ne ke farawa. Zai cike takarda mai lamba I-130 ya aika wa hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS. Ɗan ƙasar Amurka ko mai katin zaman dindindin ne kawai ke da wannan dama. Matar mai katin zama tana iya jira fiye da matar ɗan ƙasa, domin akwai iyakar yawan bizar da ake ba rukuninta kowace shekara.
2. Idan hukumar ta amince, sai fayil ya wuce cibiyar biza ta ƙasa, wato NVC. Ita ce za ta ba ku lambar fayil. Ki rubuta lambar a wuri biyu ki adana.
3. Za a cike takarda mai lamba DS-260 ta intanet da sunanki. Ko wani ne ya cike miki, ke ce ke da alhakin abin da ke ciki. Ki sa a karanta miki ita layi-layi da harshen da kike ji kafin a aika.
4. Mijinki zai cike takarda mai lamba I-864, inda yake ɗaukar alkawarin ciyar da ke. Dole abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatin can ke fitarwa kowace shekara. Idan bai kai ba, wani mazaunin can na iya tsaya masa.
5. Cibiyar za ta sanar da ku rana da wurin ganawa.

A shekarar 2024 kuɗin takardar I-130 dalar Amurka 675 ne, ko 625 idan ta intanet aka cike. Kuɗin neman biza 325, na duba takardar ciyarwa 120, sai kuma 235 da ake biya bayan an ba da biza. Ki lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba. Ana biyan waɗannan kuɗaɗe ga gwamnati kai tsaye, kuma kowane yana da rasit.

Takardun da za ki tara

- Fasfo wanda zai yi saura wata shida ko fiye bayan ranar da kike sa ran shiga Amurka.
- Hotuna biyu masu launi, santimita 5 tsawo da 5 faɗi, bayansu fari, waɗanda ba su wuce wata shida da ɗauka ba. Ana yarda da hijabi ko kallabi muddin fuska ta fito duka, daga goshi zuwa haɓa. Ba a sa tabarau.
- Takardar haihuwa.
- Takardar aure ta hukuma.
- Takardar ƙarewar duk wani aure na baya, naki ko na mijinki, ko ta saki ce ko ta rasuwa.
- Takardar shaidar rashin laifi, wadda da Faransanci ake kira casier judiciaire. Ana neman ta ga duk mai shekara 16 zuwa sama.
- Takardar gayyata zuwa ganawa, da shafin tabbacin DS-260.

Akwai abin lura ga mutanen bakin iyaka. Idan kin taɓa zama a wata ƙasa har shekara guda ko fiye bayan kin cika shekara 16, sai kin kawo shaidar rashin laifi daga can ma. Wadda ta yi zaman aure a Kamba, ko ta yi shekaru tana sana'a a Malanbil ko Kwatano, wannan ya shafe ta. Ki fara neman ta da wuri.

Ki je da takardun asali tare da kwafin kowace. Hukumar USCIS tana buƙatar fassarar Ingilishi ta duk takardar da ke cikin wani harshe, tare da sa hannun mai fassara. Idan takardar masallaci da Larabci take, ita ma sai an fassara ta.

Wurare huɗu da al'adarmu ta sha bamban da dokarsu

Na ɗaya, aure babu takarda. A wurinmu idan waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, aka biya sadaki, shaidu suka ji, aure ya ɗauru. Jami'in biza kuwa bai halarci ɗaurin auren ba, takarda ce idonsa. Dokar Nijar ta 2019 kan rajistar haihuwa da aure da rasuwa ta ba da kwana 60 domin a kai sanarwa. Idan wa'adin ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu, ya yanke hukuncin da ake kira jugement déclaratif, sannan ma'aikatar magajin gari ta rubuta takarda. Idan kin bi ta wannan hanya, ki san ranaku biyu: ranar da aka ɗaura aure, da ranar da aka yi rajista. Jami'in na iya tambayar dalilin tazarar. Ki gaya masa gaskiya, cewa an ɗaura auren bisa addini, daga baya aka yi takarda.

Na biyu, ɗaurin aure ango ba ya nan. Sau da yawa ana ɗaura aure a Gaya alhali ango yana ƙasar waje, wakilinsa ne ya karɓa masa. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan suna wuri ɗaya ba, sai idan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin auren. Saboda haka idan mijinki ya zo gida bayan an ɗaura, ku adana tikitin jirginsa, da kwafin shafin fasfonsa mai hatimin shigowa, da hotunan da kuka ɗauka tare. Idan bai zo ba tukuna, ya zo kafin ya cike I-130.

Na uku, kishiya. Amurka ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya a lokaci guda ba. Idan namiji yana da mata biyu, ta fari kaɗai dokarsu ta sani muddin aurenta yana nan. Ta biyu ba za ta samu bizar aure ba. Wasu suna ba da shawarar a yi sakin takarda alhali aure yana nan daram. Wannan yaudara ce a idon dokarsu, kuma hukuncinta yana da nauyi, kamar yadda za ki gani a gaba.

Na huɗu, saki na baki. Idan an taɓa sakin ki, ko mijinki ya taɓa sakin wata, faɗa da baki ko 'yar wasiƙar hannu ba ta wadatar ba. Sai an kai maganar kotu an samu takardar da ke tabbatar da sakin, mai ɗauke da ranarsa. Dole ranar sakin ta riga ranar sabon aure.

Auren zumunci da auren da iyaye suka haɗa ba laifi ba ne, muddin da yardarki aka yi. Sai dai wasu jihohin Amurka ba su amince da auren 'ya'yan wa da ƙani ba. Idan haka kuke, mijinki ya binciki dokar jihar da yake zaune.

Suna da ranar haihuwa

Suna ɗaya yana iya fitowa da rubutu uku. A Nijar a rubuta Mahamadou, a Najeriya Muhammadu, a gida kuma a ce Mamman. Mace ta zama Aïchatou a takardar haihuwa, A'isha a takardar masallaci, Indo a bakin dangi. Ki shimfiɗa takardunki duka a kan tabarma, ki sa wanda ya iya karatu sosai ya gwada su harafi da harafi: sunanki, sunan mahaifi, sunan mahaifiya, rana, wata, shekara, da garin haihuwa. Idan akwai saɓani, a gyara shi ta hanyar kotu ko ma'aikatar magajin gari. Kada wani ya goge ko ya ƙara harafi da alƙalami.

Mutane da yawa takardarsu tana cewa an haife su wajajen shekara kaza, babu rana babu wata. Wannan sananne ne. Ki haddace ranar da ke cikin fasfonki, ita za ki faɗa. Idan kina da wani suna da aka san ki da shi, akwai gurbin rubuta shi a DS-260.

Ki lissafa 'ya'yanki duka, har da na auren fari, har da waɗanda ba za su bi ki ba. Yaron da aka ɓoye yau, da wuya a iya ɗauko shi gobe. Idan mijinki ɗan ƙasar Amurka ne, duk yaron da ke buƙatar biza sai an cike masa tasa I-130 daban.

Shaidar cewa auren na gaskiya ne

Jami'in yana son ya tabbata ba domin biza kaɗai aka ƙulla auren ba. Ga abubuwan da ke taimakawa:

- Hotunan biki, na suna, na salla, inda kuke tare da dangin ɓangarorin biyu, a lokuta dabam-dabam.
- Rasit na kuɗin da yake aiko miki.
- Jerin kiran waya da saƙonnin WhatsApp. A buga wasu a takarda, domin ba a shiga ofishin da waya.
- Takardun haihuwar 'ya'yanku masu ɗauke da sunansa.

Ki jera su bisa shekara. Hotuna ashirin na gaskiya sun fi ɗari biyu da aka ɗauka rana guda ana sauya tufafi.

Gwajin likita

Kafin ganawa sai likita ya duba ki. Likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi ne kawai ake karɓar sakamakonsa, kuma a ƙasar da za a yi ganawar yake. Takardar asibitin Gaya ko na Dosso ba ta maye gurbinsa. Zai binciki tarin fuka ta hoton ƙirji da gwajin jini, ya duba wasu cututtukan da ake ɗauka ta saduwa gwargwadon shekarunki, ya kuma yi miki allurar rigakafin da ta rage. Ki tafi da katin rigakafinki idan kina da shi. Idan kina da juna biyu, ki faɗa masa kafin a ɗauki hoton ƙirji.

Idan aka yi zargin tarin fuka, za a ɗauki majina a gwada, kuma sakamakon yana ɗaukar kimanin mako takwas. Cutar tana warkewa da magani, bayan an warke ana ci gaba da neman biza. Tun watan Janairu na 2010 Amurka ta cire cutar sida, wato ƙanjamau, daga jerin cututtukan da ke hana biza.

Tafiya

Daga Gaya zuwa Yamai kimanin kilomita 300 ne, ta hanyar Dosso. Idan a wata ƙasa aka sa ganawar, tafiyar ta fi haka nisa da tsada. Ki tambayi halin da hanya da iyakoki ke ciki kafin ki tashi. Ki riƙe katin rigakafin ciwon shawara, domin Kwaddibuwa tana neman sa a wurin shiga. Ki isa da kwanaki a hannu saboda likita, ki kuma yi guzurin kwanakin jiran fasfo bayan ganawa. Mazauna Najeriya a Legas ake yi musu ganawar bizar ƙaura.

Takardunki su kasance a jikinki cikin leda mai hana ruwa. Kada ki sa su a kayan da za a ɗaure a saman mota.

Ranar ganawa

Ki isa da wuri. Masu gadi za su bincike ki, kuma ba a shiga da waya ko babbar jaka. Za a karɓi takardunki, a ɗauki zanen yatsunki da na'ura. Saboda haka kada ki ƙunsa lalle a kan yatsu a makonnin da ke gaban ganawa, domin yana iya hana na'urar gani. Daga nan za ki tsaya gaban taga mai gilashi, ki ɗaga hannu ki yi rantsuwa cewa gaskiya za ki faɗa. Ba dole ba ne mijinki ya halarta.

Idan ba ki jin Ingilishi ko Faransanci sosai, mijinki ya rubuta wa ofishin tun da wuri ya tambayi ƙa'idarsu game da tafintan Hausa, Dandanci ko Zabarmanci. Kada ki amsa tambayar da ba ki gane ba. Ki ce a maimaita.

Ga irin tambayoyin da ake yi:

- Mene ne cikakken sunan mijinki? Yaushe aka haife shi?
- A ina kuka san juna? Wa ya haɗa ku?
- Yaushe aka ɗaura aure, a ina, su wa suka halarta?
- Wane aiki yake yi? A wane gari yake zaune? Da wa yake zaune?
- Ya taɓa aure? Yana da 'ya'ya da wata?
- Yaushe rabonki da ganinsa? Yaushe kuka yi magana ta ƙarshe?

A nan akwai wani abu da ya shafi tarbiyyarmu. 'Yar mutunci ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce maigida, ko Malam, ko baban wane. Ba ta kama sunan ɗanta na fari. Idan babba yana magana sai ta sunkuyar da kai. Wannan kunya abin yabo ce a gida. Amma jami'in baƙo ne, bai san ta ba. Idan ya tambayi sunan mijinki kika yi shiru kina murmushi, yana iya zaton ba ki san sunan ba. Don haka ki gwada a gida tare da wata aminiyarki: ta yi tambaya, ke kuma ki ɗaga kai, ki faɗi sunan a fili da murya mai fita. Faɗin sunan miji a gaban hukuma ba raini ba ne.

Ku zauna da mijinki ta waya ku tuna tarihinku tare, ku bi abin da aka rubuta a takardu. Manufar ita ce tunawa, ba haddar labarin da wani ya tsara ba. Mai hadda idan aka sauya masa tambaya sai ya ruɗe. Idan ba ki san amsa ba, ki ce ba ki sani ba. Idan kin manta, ki ce kin manta. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amsar da za ki iya samu

Ta farko, an amince. Za su riƙe fasfonki su manna biza, su gaya miki yadda za ki karɓa. Ki duba rubutun sunanki nan take. Bizar ba ta wuce wata shida, wani lokaci ma ba ta kai ba, kuma dole ki shiga kafin ta ƙare. Idan an ba ki ambulan a liƙe, kada ki buɗe, jami'in filin jirgin can ne zai buɗe. Idan aurenku bai cika shekara biyu ba a ranar da kika shiga, katin zama na shekara biyu za a ba ki, kuma ku biyu za ku nemi a cire sharaɗin cikin kwana 90 kafin ya ƙare. Idan ya cika, katin na shekara goma ne.

Ta biyu, an dakatar. Za a ba ki takarda mai lamba 221(g). Ma'anarta akwai abin da ya rage, ko suna ƙarin bincike. Kina da shekara guda ki kawo abin da aka nema. Wani lokaci sukan ba da shawarar gwajin DNA na tabbatar da dangantakar yaro da iyayensa. Iyali ne ke biya, kuma ta hanyar da ofishin ya tsara kawai ake yin sa.

Ta uku, an hana. Za a rubuta miki sashen dokar da ya hana. Ki adana takardar, mijinki ya nuna wa lauya. Ba a mayar da kuɗin da aka biya.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda ake layi, akwai mai cewa ya san wani a ciki. Babu ɗan kamasho, ko mai shagon intanet, ko malamin tsibbu da ke iya sa jami'i ya ba da biza. Wanda ya ce zai buɗe miki ƙofar da gwamnati ta rufe, kuɗinki yake so. Kada ki bar fasfonki a hannun kowa. Kada ki karɓi takardar da ba daga ma'aikatar magajin gari ko kotu ta fito ba, ko da ta fi sauri da araha.

Wanda aka kama da takardar jabu ko ƙarya a kan muhimmin abu, ana iya hana shi shiga Amurka har iyakar rayuwarsa. Auren bogi domin biza kuma laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyar, ko tarar da ta kai dalar Amurka 250,000, ko duka biyun. Takardar da ta ɓata tana gyaruwa. Ƙaryar da aka rubuta a fayil kuwa tana nan tana jiran ki.

Idan Faransa za ki

Hanyoyi biyu ne. Idan mijinki ɗan ƙasar Faransa ne, sai an shigar da aurenku cikin rajistar Faransa kafin ki nemi bizar dogon zama, kuma ana iya kiran kowannenku a yi masa tambayoyi shi kaɗai. Dokarsu ta wajabta Bafaranshe ya halarci ɗaurin aurensa da kansa, ko a wace ƙasa aka yi. Idan kuwa baƙo ne mai izinin zama, zai nemi haɗa iyali ta hukumar OFII bayan ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa doka, ya nuna yana da isasshen abin shiga da muhalli. Dole matar ta cika shekara 18. Tun 1993 dokar Faransa ta hana kawo mata ta biyu idan ta fari tana can. Tun da an rufe ofishin Yamai a 2024, mijinki ya tambayi hukumomin can ofishin da za ki kai takardunki.

Haƙƙinki bayan kin isa

Fasfonki da katin zamanki naki ne, ba na miji ko danginsa ba. Duka da cin zarafi a cikin aure laifi ne a Amurka da Faransa. Wata dokar Amurka ta 1994 ta ba matar da mijinta ke cutar da ita damar neman izinin zama da kanta, ba tare da sa hannunsa ba. Kafin ki tashi, ki rubuta lambar wani ɗan'uwa ko 'yar garinku da ke can, ki ajiye a wurin da ke kaɗai kika sani.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mutum nawa ne a cikinmu ke da takardar haihuwa da ta aure? Me ya hana sauran?
2. Ki duba takardunki biyu. Rubutun sunanki iri ɗaya ne a cikinsu?
3. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ta zama jami'i, ɗaya mai neman biza. Wace tambaya ce ta fi wuyar amsawa, kuma don me?
4. Idan wani ya ce zai samo miki biza cikin mako biyu, me za ki ce masa?

Aikin wannan mako: ki rubuta cikakken sunanki, da ranar haihuwarki, da ranar ɗaurin aurenki, da hannunki, kamar yadda suke a takardunki. Ki kawo a aji na gaba mu duba tare.